Wasan Kwaikwayo Cikin Telebijin: Jawabi ga Hakimai da Malamansu



Ran 14 ga Yuli 1930, BBC ta nuna wasan kwaikwayon Luigi Pirandello, mutumin Italiya, cikin telebijin a London. Labarin wani mai ciwon ajali ne. 'Yan wasa uku ne, amma na'urar ba ta ɗaukar fiye da mutum guda, saboda haka bi da bi suke zama gabanta. Ana yi ana watsawa, watau in harshe ya yi tuntuɓe ba gyara. Ba a ɗauki wasan an ajiye ba. Da aka tashi ya tafi ke nan, sai rubutun Pirandello ya saura.

Telebijin ya iso Badun 1959, Kaduna 1962. Amma Wasan Marafa na Abubakar Tunau, ɗan ƙasar Sakkwato, wanda aka buga 1949, takarda ce ta tsare shi.

Don haka ana roƙon Hakiman Tambuwal da Kebbe su sa malamansu su rubuta wasannin tashe daga bakin dattawa, da sunan gari da shekara, tun masu saninsu suna raye.