Idan Likita Ya Ce Sankarar Mama Ce, Ke Kuma Ba Ki Kai Arba'in Ba

 Na gode da kuka gayyato ma'aikaciyar jinya cikin taron malamai, duk da cewa maganar da na zo da ita ba mai daɗin ji ba ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama, wasu 670,000 kuma ta yi ajalinsu. A Najeriya ita ce kan gaba cikin sankarar da ke kama mata. A Turai galibi cutar manyan mata ce da suka haura hamsin, amma a nan muna yawan ganinta ga 'yar shekara talatin da wani abu, mai goyo a baya da albashin da ba ya kai ƙarshen wata. A ƙasashe masu arziki, fiye da tara cikin goma na masu ita suna raye bayan shekara biyar. Babban abin da ya raba mu da su shi ne lokacin zuwa asibiti, domin yawancin namu sai ciwo ya yi nisa ake kawo su.

Ƙuruciyar ita kanta tana jawo jinkiri. Mai shayarwa za ta ji ƙulli, a ce ruwan nono ne ya taru, a ba ta jiƙo. Gaskiya ne yawancin ƙullin da ake samu a jikin matasa ba sankara ba ne, amma hannu ba ya bambancewa. Sai an yi hoto, an ɗebo ɗan tsokar wurin da allura an auna. A nan ne muke karo da maganar nan da kowa ya sani, wai daji ba ya son ƙarfe. Ina roƙonku, ku da ake jin maganarku a unguwa, ku taya mu kashe ta. Ɗibar nan ba ta watsa ciwo, kuma ita ce ke nuna irin sankarar da maganin da zai ci ta.

To, an auna, an ce ita ce. Kwanakin farko kunne ba ya riƙe magana, don haka kada ki shiga wurin likita ke kaɗai. Ki tafi da 'yar uwa mai littafi da biro. Ki tambayi matakin da ciwon yake, da abin da za a fara, da tsawon lokacin da zai ɗauka, da kuɗinsa. Ke da kike hana ɗalibi jin kunyar tambaya, kada ki ji ta.

Magani yakan haɗa tiyata, da ƙarin ruwan da ake kira kemo, wanda galibi ake yi duk bayan mako uku, da gashi, wani lokaci kuma da ƙwayar tamoxifen da ake sha shekara biyar zuwa goma. Gashin kai yakan zube, yakan kuma dawo. Abin da ya fi damuna shi ne masu yin kemo sau biyu, ƙulli ya ragu ko kuɗi ya ƙare, sai su ɓace, su dawo bayan shekara ciwo ya kai ƙashi ko huhu.

Akwai tambayar da mace mai ƙuruciya ke haɗiyewa: zan sake haihuwa? Ki yi ta kafin a fara magani. Kemo yana iya ɗauke al'ada, ga wasu ta dawo, ga wasu ba ta dawowa, kuma ba a ɗaukar ciki ana shan tamoxifen. Duk da haka mata da dama sun haihu bayan sun gama, har sun shayar da ɗaya maman.

Mazaje, yanzu da ku nake. Sau da yawa abin da ke hana mace yarda a cire mama ba tsoron wuƙa ba ne. Tsoron idon miji ne, da bakin dangi, da zancen ƙarin aure tana kwance. Wadda ba ta yi aure ba kuwa tana lissafin wa zai zo. Kalma ɗaya daga bakin maigida a gaban likita takan yanke shawarar da aka yi wata uku ana ja. Cutar ba a ɗaukarta a kwano ko a shimfiɗa. Yara ma a gaya musu daidai hankalinsu, tun kafin su tsinta a bakin maƙwabta.

Aji yana da nasa hukunci. Mako ɗaya zuwa biyu bayan kowane kemo garkuwar jiki takan faɗi, ɗaki mai yara saba'in kuwa ba ya rasa mai tari ko ƙarambau. Zazzaɓi a wannan tsakani maganar asibiti ce a daren, ba a jiran safiya. Wadda aka cire wa ƙulloli a hammata kuma hannunta yana iya kumbura, rubutu a allo ya zame mata aiki. Shugaban makaranta mai hankali zai rage mata darasi ba tare da ya sanar a ɗakin malamai ba, domin ita ke da ikon zaɓen wanda zai sani.

Saura kuɗi. Na'urar gashi tana asibitoci ƙalilan, irin su Shika da Sakkwato da Abuja, ga kuɗin mota da masauki na makonni. Gwamnatin Tarayya tana da asusun tallafa wa masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza a wasu asibitocin koyarwa, sai a tambayi sashen jin daɗin marasa lafiya tun ranar farko. A 2022 kuma an sa hannu kan sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa. Ina ba reshen nan shawara ya rubuta wa hukumar inshorar jiha ya nemi bayani a rubuce kan abin da take biya na sankara, ya kuma naɗa mace ɗaya mai riƙe sirri da za ta riƙa bin takardar hutun jinya a ofishin ilimi, don kada a tsayar da albashin malama tana kan gado. Karo-karon da ake yi bayan labari ya bazu yakan zo a makare. A ware wani abu a asusun walwala tun yanzu, ko da kuɗin hoto da awon farko ne.

Masu tambayar da ba ta yiwuwa a bainar jama'a, ina ajin da ke kusa da ofis har la'asar.