Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Sakandare a Dogon Dawa



Wakilin Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Allah ya ja zamanin Sarki, mai girma Hakimi, ranka ya daɗe, wakilin Shugaban Ƙaramar Hukuma, dagatai da masu unguwanni, limamanmu, Allah ya gafarta muku, shugaban makaranta da malamansa, shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai, jami'an tsaro, iyayenmu mata, sai ku 'ya'yana masu bikin yau. Wanda ban ambata ba ya yi mini afuwa, haka yarana suka rubuto.

Wannan makaranta ta yi abin a yaba. A shekarun da hanyar Funtuwa ta gagari matafiya, malamanta sun daure. An koyar, an zauna jarrabawar WAEC da NECO, an gyara rufin azuzuwa, an farfaɗo da gonar makaranta, ga kuma 'yan mata cikin masu fita yau. Tun sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, aka sake buɗe kasuwar Kara, muna ganin sauƙi. Allah ya ɗorar.

An ce in yi magana kan ilimi mai rassa. Misalina Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero. Da kimiyya ya fara, ya zama farfesan koyar da kimiyya a 1997. Sai ya waiwayi abin da manyan malamai ke rainawa, littattafan soyayya da finafinan Kano da waƙa, ya yi ta bincike har ya sake zama farfesa a fannin sadarwa da al'adu a 2012. Daga 2016 zuwa 2021 ya shugabanci jami'ar karatu daga gida ta ƙasa. Ba shi ya fara ba: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta tarihi, ya rubuta siyasa, ya rubuta littattafan magani, yana kuma jan ragamar daula.

Ku na baya can, a ajiye waya, da ku nake.

Abin bincike ba sai an je Kano ba. Tashen da kuke yi da azumi wasan kwaikwayo ne, tsohon gaske. Wa ya zauna da tsofaffi ya rubuta irin na yankin nan? A Durɓi ta Kusheyi, ƙasar Katsina, an tona manyan kusheyi a 1907, aka sake a 1992, aka sami kayan ado na zinariya da hauren giwa da tasoshin ƙarfe na ɗaruruwan shekaru. Ban ce ku ɗauki diga ku nufi maƙabarta ba, kada Liman ya kore ni daga gari! Amma ga kufai nan birjik a dajinmu, mu kuwa da an ce tono, zinari kawai muke ji.

Sai ƙasar noma. A Samaru ta Zariya ana binciken aikin gona tun 1922, kuma a 1950 aka buɗe filin da aka yi shekaru ana gwada kashin shanu da takin zamani a kan ƙasa guda. Masana sun nuna cewa takin buhu zalla, shekara da shekaru, yana sa ƙasa tsami, ƙuduji kuma gonar da ta gaji yake so. Mu da muke loda wa motoci masara, ɗanmu nawa ne zai iya auna ƙasar gonar ubansa?

To, a nan zan ajiye takarda. Na leƙa ɗakin da ake kira na gwaje-gwaje. Tebura na gani, da ƙura, da gidan zanzaro. Yaro ya gama sakandare bai taɓa leƙa madubin ganin ƙwayoyin halitta ba, sannan mu ce ya je ya kara da 'yan Kaduna? Bara a nan filin aka yi alkawura, maroƙa suka wasa mutane, aka yi tafi. Ma'aji ya nuna mini littafin alkawuran. Ba zan kira suna ba, amma ina ganin wasu huluna suna sunkuyawa. Muna da kuɗin sabon babur, muna da na ƙarin aure (Hajiya, ban ce da maigidanki nake ba), na makaranta ne kullum sai kaka. Kaka ta zo ta wuce, jama'a. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo buhu, makaranta ta san hanyar kasuwa. Gwamnati ta turo malamin kimiyya, wannan haƙƙinmu ne kuma za mu bi shi har Kaduna, amma kada ya zo ya tarar da ɗaki fayau.

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku sakamako mai kyau. Iyaye kuma, ma'aji na zaune bakin ƙofa da littafinsa, ƙofar kuwa ɗaya ce. Nawa na bara na biya da safen nan. A taimaka a biya kafin a taɓa shinkafa.