Mazaɓar Kura da Garun Malam: Tarihinta da Aikin Wakilinta

A yau za mu yi bayani a kan mazaɓar Majalisar Dokoki ta Jiha, watau yankin da mutanensa ke haɗuwa su zaɓi mutum ɗaya ya tafi majalisa da bakinsu. Don maganar ta fito fili, mun ɗauki misalin mazaɓar Kura da Garun Malam ta Jihar Kano, ƙasar shinkafa da tumatir, wadda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonakinta rani da damina.

A zamanin Turawa, lokacin da Tsarin Mulki na 1946 ya kafa Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna, En'e ce ke fid da waɗanda za su wakilci Lardin Kano. A 1951 aka fara zaɓe hawa-hawa, daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa lardi. Matan Arewa kuwa ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa ba sai a 1979. Soja sun rushe waccan majalisa a 1966, aka kuma kafa Jihar Kano a 1967, amma ba ta sami zaɓaɓɓiyar majalisarta ba sai a 1979. A wannan shekara kujerunta 138 ne, domin Tsarin Mulki ya ce a ninka kujerun jiha na Majalisar Wakilai ta Tarayya sau uku, kuma a lokacin ƙasar Jigawa tana cikin Kano, ba a raba su ba sai a 1991. An sake rushe majalisun jihohi a ƙarshen 1983, da kuma a 1993.

Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 91, ya yanka iyaka: kada kujerun majalisar jiha su gaza 24, kada kuma su wuce 40. To, Kano tana da ƙananan hukumomi 44, kujeru kuwa 40 ne. Saboda haka aka haɗa takwas daga cikinsu biyu-biyu: Bagwai da Shanono, Rimin Gado da Tofa, Tsanyawa da Kunci, sai kuma Kura da Garun Malam. Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ce ke shata mazaɓu, kuma doka ta umurce ta da ta daidaita yawan jama'arsu gwargwadon hali.

Kada a rikita wannan wakili da na tarayya. A Majalisar Wakilai ta Abuja, Kura da Garun Malam suna tare da Madobi. Wakilin jiha kuwa a birnin Kano yake zama, shekara huɗu. Aikinsa shi ne yin dokoki, da duba kasafin kuɗi, da tantance kwamishinoni, da sa ido kan yadda ake kashe dukiyar jama'a. Ƙarfin majalisar jiha ba abin rainawa ba ne, gama ta Jihar Kaduna ta tsige Gwamna Balarabe Musa a 1981. Tun daga 2018, mai shekara 25 yana iya neman wannan kujera, a da sai mai 30.

Inda ƙananan hukumomi biyu ke tarayya a kujera ɗaya, lalle ne wakili ya riƙe su daidai, kada ya fifita garinsu. Manomin da hanya ta lalace masa, tumatirinsa ya ruɓe kafin ya isa kasuwa, bai damu da inda aka haifi wakili ba, magani yake nema. In wakili ya yi watsi da amana, sashe na 110 ya ba jama'a damar yi masa kiranye: fiye da rabin masu rajista a mazaɓar su sa hannu, sa'an nan Hukumar Zaɓe ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90.

Saboda haka, jama'a, kowa ya yanki katin zaɓe, ya san sunan mazaɓarsa da na wakilinsa, ya kuma tambaye shi abin da ya faɗa a majalisa da sunansa. Wanda ya sayar da ƙuri'arsa a rana ɗaya, ya sayar da bakinsa na shekara huɗu.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.