Inda Ɗalibanmu Ke Zubar da Maki a WAEC da NECO

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan malamanmu na sakandare ya gabatar a taron reshen Ajingi

Shugaban reshe, shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai maza da mata, da iyayen yara da suka amsa gayyata, ina yi muku barka da zuwa, musamman waɗanda suka yi sammako daga Toranke da Gafasa da Balare.

An ɗora mini in yi magana a kan kurakuran da ɗalibanmu ke tafkawa a jarrabawar kammala sakandare. Zan ɗauko ta daga abin da na gani a shekarun da na yi ina zuwa duba takardun jarrabawa. Takardar yaron da bai san komai ba ba ta ɗaukar lokaci, ka ba shi abin da ya samu ka wuce. Wadda ke tsaya wa mutum a rai ita ce ta yaron da ka ga alamar an koya masa, ya kuma gane, amma yana tafe yana zubar da maki kamar buhun gero mai huji. A ma'aunin WAEC, kiredit mafi ƙanƙanta, wato C6, daga maki 50 yake farawa. Wanda ya tashi da 48 ya faɗa D7. Waɗannan maki biyu su ne tsakaninsa da kiredit biyar ɗin da Jami'ar Bayero ko ta Wudil za ta nema, har da Turanci da Lissafi. Ɗan mai hali zai sake zama baɗi. Ɗan manomin da aka sayar da akuya aka biya masa, da wuya. Yarinya kuwa, mun san yadda ake yi a garuruwanmu, sau da yawa zaman farko shi ne na ƙarshe.

Bari in fara da Turanci, domin nan ɓarnar ta fi yawa. Insha'in WAEC maki 50 ne, kuma kashi huɗu ake raba shi: goma na abin da yaro ya faɗa, goma na tsari, ashirin na iya sarrafa harshe, goma na kiyaye ƙa'idojin rubutu. A kashin nan na ƙarshe, kowane kuskure rabin maki yake ci. Kuskure ashirin sun cinye goman ke nan, kuma ɗalibanmu da yawa kafin su gama shafin farko sun cika ashirin ɗin: fara jimla da ƙaramin harafi, rubuta sunan gari ba babban harafi, barin jimla ba aya, da gutsure kalmomi irin na saƙon waya. Ana neman kalmomi kimanin 450, yaro ya yi rabi ya ajiye alƙalami. A ce ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa, sai ya sa adireshi ɗaya, ba kanu, ya buɗe da tambayar lafiyar iyali kamar yana rubuta wa kawunsa. Akwai kuma masu haddace insha'i guda tun daga gida, su zo su juye shi ko da tambayar ba ta nan ta dosa ba. Mai dubawa yana gane wannan tun a layi na uku.

A sashen taƙaitawa, an ce a amsa da cikakkun jimloli, kuma da kalmomin ɗalibi. Yaronmu sai ya nemo sakin layin da yake zaton amsar na ciki, ya kwafe shi ɗungurungum. Wanda ya yi haka ba a ba shi komai, ko da amsar na kwance a tsakiyar abin da ya kwafo.

A nan zan tsaya in tambaye mu, mu malamai. Yaron da ya kai aji uku na babbar sakandare yana fara jimla da ƙaramin harafi, littattafansa nawa suka bi ta hannunmu a shekara shida? Insha'i nawa muka ba shi, muka karɓa, muka bi da jan biro, muka mayar masa ya gyara? Na san amsar da za a ba ni, domin ni ma na ba da ita: aji ya cika ya tumbatsa, malamin Turanci ɗaya ne a makaranta, wani lokaci ma aro ake yi. Gaskiya ne, kuma wannan ƙungiya ba za ta daina faɗa wa hukuma haka ba. Amma idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Abin da yaro ya saba yi a littafinsa ba wanda ya tanka masa, shi zai yi a zauren jarrabawa.

A Lissafi, takarda ta biyu tana da tambayoyi 13. Biyar na farko dole ne, sannan a zaɓi biyar daga cikin takwas da suka rage. Duk shekara sai an sami wanda ya tsallake na dole ya faɗa wa na zaɓi, ko ya amsa bakwai a inda aka ce biyar, ya ɓata lokacinsa a banza. Abin da ya kamata kowane ɗalibi ya sani shi ne, ana ba da maki a kan hanyar da aka bi, ana kuma ba da maki a kan amsar ƙarshe. Wanda ya nuna aikinsa mataki-mataki ya yi tuntuɓe a ƙarshe yana tsira da kaso mai kyau. Wanda ya yi aikin a bayan takardar tambaya ya kawo amsa tsirara ya yi asarar mafi yawa. Haka nan mantawa da rubuta ma'auni, mita ne ko naira, da rage lambobin bayan ɗigo tun aiki bai ƙare ba.

Sai darasin Hausa, wanda nake jin kunyar ambatonsa. Ɗalibanmu na shiga wannan jarrabawa da gadara, wai ai harshen da suka sha a nono ne. Jarrabawar kuwa daidaitacciyar Hausa take nema, da ƙa'idojinta na rubutu. Yaro ya rubuta "kafa" yana nufin "ƙafa", ya rubuta "baki" yana nufin "baƙi". Ya raba "yana" gida biyu, ya haɗe "shi ne" wuri guda. Ga littattafan adabi da aka tsara a manhaja, bai taɓa riƙe ko ɗaya ba, ya dogara da labarin da abokinsa ya ba shi. Kiredit ɗin da ya fi kowanne kusa da hannunsa, shi yake saki.

Tambayoyin canki-canka ba sai na daɗe ba. Fensir HB, a cike gurbin sosai, a goge da kyau in an sauya ra'ayi, domin na'ura ce ke dubawa. Wanda ya tsallake tambaya ya tabbata ya tsallake layinta a takardar amsa, in ba haka ba duk abin da ya biyo baya ya goce.

Iyaye, yanzu gare ku na juyo. Akwai kuskuren da ake yi watanni kafin jarrabawa, a ranar rajista. Yaro sunansa Abubakar a takardar firamare, Habu a bakin kowa, a lambar NIN an sa sunan kakansa a matsayin sunan mahaifi, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Ranar da ya je rajistar JAMB sai a ce bayanansa ba su dace ba. Na san yaron da ya ci kiredit bakwai ya zauna shekara guda a gida yana zirga-zirgar gyaran suna. Ku zo makaranta da kanku ranar rajista, a karanta muku abin da aka shigar harafi-harafi kafin a tura. Ku kuma tambayi darussan da aka yi wa yaro rajista. Mai son aikin likita ko jinya sai da Fizik da Kemistiri da Bayoloji, mai son aikin lauya sai da Adabin Turanci.

Abu na biyu, WAEC tana faɗowa a watannin Mayu da Yuni, NECO ta biyo baya a Yuni da Yuli, daidai lokacin shuka da noman fari. Ni ma ɗan manomi ne, na san ranar da aka kwana da ruwa ba a son kowa ya zauna. Amma yaron da ya yi shuka tun asuba, ya taho a keke cikin laka, ya iso an raba takardu, rabin hankalinsa ya bari a hanya. Ku kafa jadawalin jarrabawar a bangon zaure, ku ɗauke masa gona a ranakun da yake da takarda da jajibirinsu. 'Yan mata ma a sauƙaƙa musu talla da ɗiban ruwa a waɗannan makonni.

Ba zan sauka ban taɓo satar amsa ba, ko da za a ji zafina. Amsoshin da ake turowa ta WhatsApp da daddare, yawancinsu na 'yan damfara ne, yaro ya kwana yana haddace su maimakon ya yi barci. Mafi muni shi ne a tara kuɗi a ce za a "taimaka" wa yara a zaure. Mai duba takardu idan ya ga ɗalibai arba'in da amsa iri ɗaya, har da kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, rahoto zai rubuta. Sai a riƙe sakamakon cibiyar, yaron da ya yi aikinsa da guminsa ya shiga cikin waɗanda abin ya shafa. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi hukunci har ga malami da mai sa ido, kuma ƙungiya ba ta da bakin kare ɗanta da aka kama yana rubuta amsa a allo.

Ga roƙona ga shugabannin reshe. WAEC tana fitar da rahoton manyan masu duba takardu bayan kowace jarrabawa, darasi-darasi, tana bayyana inda ɗalibai suka gaza, kuma yana nan a shafinta na intanet kyauta. A buga na Turanci da Lissafi da Hausa, a kai kowace sakandare a ƙaramar hukumar nan. Sannan mu da muka taɓa duba takardu, a haɗa mu da matasan malamai Asabar ɗaya a kowane zango, mu zauna da ainihin takardun yaranmu na gwaji, mu duba su tare bisa ma'aunin hukumar. Kada a jira aji uku, ba a fafe gora ranar tafiya. A fara da 'yan aji biyu, tun kafin su zauna jarrabawar kwalifayin ta jiha. Ni na ba da Asabar ɗin farko, kuma sakatare yana da takarda a bakin ƙofa ga duk wanda zai sa sunansa.

Allah Ya ba yaranmu sa'a.