Tsibin Duwatsun Kabari na Ƙasar Abzin da Wajibcin Kiyaye Su



Duk matafiyin da ya ratsa duwatsun Abzin, a arewacin Jamhuriyar Nijar, zai riƙa cin karo da tsibin duwatsu a kan tudu da gindin tsauni da gaɓar ƙorama. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ikon Allah ne ya tara su. Alhali kuwa kaburbura ne, hannun ɗan Adam ya jera su tun kafin rubutu ya iso wannan yanki. Abzinawa suna kiran irin wannan kabari adebni. Jawabin nan zai tsaya ne kan magana guda, watau darajar tsibin tana cikin zamansa yadda magina suka bar shi.

Siffofinsu iri-iri ne. Akwai tuli zalla, akwai mai kama da dakali, akwai mai siffar jinjirin wata, akwai kuma wanda aka zagaye da da'irar duwatsu aka bar masa hanya ta fuskar gabas. Galibi akan tarar da mamacin kwance a gefe guda, an naɗe masa gwiwoyi, saɓanin yadda Musulmi suke binne gawa. Masanin nan na Faransa, François Paris, ya haƙa da dama daga cikinsu, ya wallafa sakamakon a 1996. Awon sinadarin kabon 14 ya nuna cewa waɗansu sun haura shekara 5,000, watau zamanin da Sahara take da ciyawa da tafkuna, makiyaya suna kiwon shanu a inda yau babu sai rairayi. An ci gaba da gina su har zuwa shigowar Musulunci.

To, mene ne masani yake karantawa a kabari? Yana duba yadda aka kwantar da gawa, da inda ta fuskanta, da abin da aka ajiye kusa da ita, da dutsen da aka aza bisa wani. Waɗannan su ne haruffan littafin. Da zarar an hargitsa su, littafin ya yage, kuma ba shi da kwafi na biyu. Alal misali, a 1925 aka buɗe kabarin da ake danganta wa Tin Hinan a Abalessa, cikin duwatsun Hoggar na Aljeriya. An samu ƙasusuwa da mundaye na zinariya da azurfa, waɗanda aka kai gidan tarihi na Bardo a birnin Aljiyas. Amma an yi aikin cikin gaggawa, zinariya ta ɗauke hankalin masu haƙa, har yau masana suna kokawa da ƙarancin bayanin da aka rubuta.

Barazanar da tsibin Abzin yake fuskanta ta kasu uku. Ta farko ita ce masu neman dukiya, ko da yake akasarin kaburburan ba su ƙunshi kome ba sai ƙashi da 'yan duwatsun ado. Ta biyu ita ce kwasar duwatsu domin gini ko aikin hanya. Ta uku kuwa ita ce haƙar zinariya, wadda ta jawo dubban mutane da motoci zuwa arewacin Nijar tun 2014.

Ba a rasa doka ba. UNESCO ta sa yankin Abzin da Tenere cikin jerin kayan gadon duniya a 1991, Nijar kuma ta kafa dokar kare kayan gadon al'adu a 1997. Sai dai yankin ya kai muraba'in kilomita 77,000, babu yawan masu gadin da zai wadace shi. Saboda haka kiyayewa ta dogara ga abu uku. Ma'aikaci kada ya sa hannu a takardar izinin hanya ko haƙar ma'adinai sai an binciki filin. Ɗalibi ya koyi auna tsibi da zana shi da rubuta wurinsa ba tare da ya ɗaga dutse ko ɗaya ba. Sarakuna da makiyaya kuwa a sa su cikin shawara, domin su ne suka zauna da kaburburan nan tsawon zamani ba su rushe su ba.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A wannan sha'ani ma babu magani sam, domin tsibin da aka tone ba ya komawa. Al'adar da ta hana a taka kabari a maƙabartar gari ita ce ya kamata ta rufa wa waɗannan magabata asiri a kan tsauni.