Buɗe Makarantu Lokacin Korona: Ruwa Kafin Takunkumi

A watan Maris na 2020 gwamnonin Arewa maso Yamma suka rufe makarantu saboda korona, har da na masarautar Zuru. Sai ranar 4 ga Agusta gwamnatin tarayya ta bar 'yan ajin ƙarshe su koma, don zana jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan. Makarantun haɗaka na tarayya kuwa sai 12 ga Oktoba.

Sharuɗɗan buɗe makarantu da ma'aikatar ilimi ta tarayya ƙarƙashin Malam Adamu Adamu ta gindaya ba su da aibu a takarda: takunkumi, tazara tsakanin ɗalibai, wanke hannu da sabulu. Amma fa an rubuta su ne a Abuja. Makarantar firamare a ƙauyen Fakai ko Sakaba da ba ta da rijiyar burtsatse, da me yara za su wanke hannu? Ajin da ɗalibai ke zaune kafaɗa da kafaɗa a ƙasa, ina za a samo tazarar?

Rufewar kuma ta ci damina sukutum. Yaron da ya saba da fartanya a gonar dawa, dawo da shi aji sai an yi da gaske. Karatun intanet kuwa na 'ya'yan masu hali ne.

Abin da ya fi dacewa da ƙasar Zuru a lokacin shi ne a raba aji gida biyu, safe da yamma, a yi wasu darussan a inuwar bishiya, sannan ƙananan hukumomi su fara haƙa rijiya a kowace makaranta kafin su sayi ko takunkumi ɗaya.