Sana'ar Hannu a Kwarin Gulbin Sakkwato: Daga Wonaka zuwa Kwatarkwashi



Tun da aka yanke Zamfara daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, muke kirarin noma shi ne abin alfaharinmu. Ban ƙi ba. Amma ina so mu tambayi kanmu, wa ya ƙera garmar da ake wannan alfahari da ita?

Wanda ya san Wonaka da Mada, ya zagaya Tsafe, ya gangaro Bunguɗu, ya san kowace sana'ar hannu a nan ƙafarta ɗaya tana gari, ɗaya tana daji. Maƙeri ba ya hura zuga-zugi sai da gawayin ƙirya, don shi ke riƙe wuta. Majemi sai ya samu bagaruwa kafin fata ta yi laushin da badukku zai ɗinka. Mai saƙar tabarma tana jiran kaba, mai daddawa tana jiran kalwar ɗorawa, mai man kaɗe tana sammakon tsintar kaɗanya da farkon damina. Gyartai kuwa, da ake yi wa dariya, shi ke sa ƙwaryar da ta tsage ta ƙara shekara a hannun Bafilatana mai tallar nono.

Wannan ƙasa ta ga canji tun ba yau ba. Da layin dogo ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, auduga da gyaɗa suka koma kayan awo. Aka kafa injin gurzar auduga, daga baya masaƙar Gusau ta zo. Masu kaɗi da mazari suka ragu, marina da dama suka cike da ƙasa. Duk da haka sana'a ba ta mutu ba, don kasuwar mako tana ci, hanyar daji a buɗe take, yaro kuma yana zaune gindin ubansa yana miƙa masa awartaki.

Abin da masaƙa ba ta yi ba, bindigar 'yan fashin daji ta yi. Matar da ke tsoron nisa da gari ba za ta je yankan kaba ba. Farautar rani da su a gulbi, inda samari ke koyon sunan kowace bishiya da amfaninta, sun zama labari a ƙauyuka da yawa. A 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya. Na fahimci dalilin. Sai dai mai tukwane ba ta da shago a Tudun Wadar Gusau, kasuwar nan ita ce shagonta.

Shi ya sa nake shakkar rabon keken ɗinki da ake kira tallafi. Jari ba shi ne babban ciwon ba. Maƙerin da ya yi hijira zuwa Gusau, ɗansa kabu-kabu zai shiga, kuma ƙira ba a koyonta a bita ta mako biyu. Ido ne ke gane launin ƙarfe ya isa duka, idon kuwa shekaru yake ɗauka.

Ga mu da Jami'ar Tarayya ta Gusau tun 2013. 'Yandoto, da malamai suka yi ta tururuwa zuwa gare ta kafin jihadi, tana nan kusa da Tsafe. Dutsen Kwatarkwashi, inda aka yi bikin Baura da kamun maiki, ana hango shi daga kan titi. Ina roƙon sassan Hausa da Tarihi na jami'ar su tura ɗalibai da na'urar ɗaukar murya wajen tsofaffin masu sana'a. Ba sai an shiga daji ba, da yawansu suna nan cikin Gusau, a gidajen 'yan'uwa da kangayen da suka fake.